Wasanni da Kwalejojin Katolika: Abin da Ya Sami Yammacin Zamfara

A Amurka, ƙwallo ne ya ɗaukaka sunan Jami'ar Notre Dame ta 'yan Katolika, tun ba zamanin mai horarwa Knute Rockne ba, 1918 zuwa 1930. To, daga wannan ƙasa limaman Dominikan suka fito, aka danƙa musu yankin Sakkwato cikin 1953. Suka yi zango a Gusau, inda jirgin ƙasa ya tara baƙi 'yan Kudu. Amma al'adar ba ta biyo su yamma ba. Anka da Gummi da Bukkuyum ƙasar Musulmi ce, mishan ba ta kafa kwaleji can ba. Kokawa da dambe na bayan kaka suka ci gaba da zama wasan samari, ba ruwansu da makaranta. Mai neman irin wannan kwaleji sai ya doshi St John's ta Kaduna, wadda gwamnati ta karɓe cikin 1972, ta koma Kwalejin Rimi.