Hatimin Malaman Zaure, Alkashinawi da Lissafin Gauss

A zaurukan malamai na Gaya da tsangayun ƙauyukan Ajingi, har yau ana zana hatimi mai gida tara a kan allo, wanda ake kira musallasi. Ana zuba lamba 1 zuwa 9, kuma ko ta ina aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 ake samu. Masu boko kan ɗauki wannan a matsayin tsibbu kawai. A ganina sun yi gaggawar yanke hukunci, domin duk abin da mai shan rubutun ya ƙudurta, ginin hatimin lissafi ne tsantsa.

Wanda ya fi fito da wannan fili a ƙasar Hausa shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi. Ya bar Katsina ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira. Wajen 1732 ya kammala littafinsa Bahjatul Afaƙ, inda ya yi bayanin hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara: uku sau uku, biyar sau biyar, har sama. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin masanin tarihin nan Abdurrahman Aljabarti, wanda ya ambace shi a littafinsa.

Abin lura a irin wannan gini shi ne yadda ake yi da lambar da ta fita daga iyakar hatimi. Ba a yar da ita. Idan ta fita ta dama sai ta shigo ta hagu, idan ta fita ta sama sai ta ɓullo ta ƙasa. Wato a hatimi mai layi biyar, layi na shida shi ne na ɗaya. Wannan ƙirga mai zagayawa ita ce Bajamushe Carl Friedrich Gauss (1777–1855) ya shimfiɗa wa ƙa'ida a farkon Disquisitiones Arithmeticae na 1801, littafin da ya daidaita fannin nazarin lambobi. Hatta jimillar layi, dabarar tara jerin lambobi da ake danganta wa Gauss yana yaro ita ke ba da ita: 1 zuwa 25 sun haɗu 325, a raba gida biyar, kowane layi 65.

Sai dai kada kishi ya kwashe mu. Alkashinawi bai ƙirƙiro fannin ba, Abul Wafa Albuzjani ya yi rubutu a kai tun ƙarni na 10. Kuma shi hanya ya koyar, Gauss kuwa hujja ya kafa, ya nuna dalilin da ya sa ƙa'idar ba ta saɓawa. Tazarar ba ƙarama ba ce.

Duk da haka, malamin lissafi a sakandaren Gaya, ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, yana da ƙofar shiga darasin Gauss a hannun ɗalibin da ya taso yana ganin musallasi. Ya sa shi ya gina mukhammasi, wato hatimi mai layi biyar, sannan ya tambaye shi me ya sa wannan hanya take ƙi a hatimi mai layi huɗu.