Daidaita layin haɗa kwamfuta: yadda ake lissafin abin da masana'anta ke fitarwa a rana

Akasarin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake sayarwa ko gyarawa a Wagadugu, har da unguwar Zongo, daga waje suke shigowa, sababbi ko kuma gwanjon da ake kira « France au revoir ». Amma haɗa su a Afirka ba baƙon abu ba ne. Kamfanin Zinox ya fara a Legas a 2001, Positivo BGH ya buɗe a Kigali a 2015, sannan a 2022 aka gabatar da masana'antar Horizon Industries a nan Wagadugu, tare da haɗin gwiwar kamfanin Haier na ƙasar Sin. A duk lokacin da aka buɗe irin wannan wuri, akan faɗi adadin da zai riƙa fitarwa a rana. Wannan adadi yana da lissafi, kuma tushensa shi ne daidaita layi.

Mene ne layin haɗawa?

Layin haɗawa jeri ne na matsayai. A kowane matsayi ma'aikaci yana yin aiki guda, ya miƙa wa na gaba. Kamfanin motoci na Ford ne ya shahara da tsarin a Amurka a 1913, inda lokacin haɗa gindin mota ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kusan awa ɗaya da rabi. A yau mafi yawan kwamfutocin duniya ana haɗa su haka a ƙasar Sin, musamman a birnin Chongqing, a masana'antun kamfanonin Taiwan irin su Quanta da Compal, masu yi wa manyan sunaye kamar HP da Dell aiki.

Daidaita layi shi ne raba aikin yadda kowane matsayi zai ci kusan lokaci ɗaya. Duk wanda ya taɓa shiga shagon tela a Zongo ana gobe Sallah ya ga matsalar da idonsa: mai yanka ya gama, mai ɗinki ya gama, mai guga yana zaune, riguna kuwa sun taru gaban mai aikin wuya. Saurin shagon gaba ɗaya saurin mai aikin wuyan nan ne. Wannan maƙura ita ce ake kira « goulot d'étranglement » da Faransanci.

Yadda ake lissafin

Ga misali. Ranar aiki awa 8 ce, wato minti 480. Idan aka cire minti 60 na abinci da salla da shara, saura minti 420. A ce layin yana da matsayi 5:

Na 1: ɗora babban allon lantarki cikin kwanso, minti 3.
Na 2: saka ma'ajiyar bayanai da fanka, minti 2.
Na 3: haɗa gilashin kallo da maratayansa, minti 6.
Na 4: saka madannai da batir, minti 4.
Na 5: rufewa da dubawa, minti 5.

Jimillar aikin kwamfuta ɗaya minti 20 ne. Amma ba da 20 ake lissafi ba, da 6 ake yi, domin babu kwamfutar da za ta fita kafin ta ratsa matsayi na 3. An raba 420 da 6, an samu kwamfuta 70 a rana. Cikin kowane minti 6, ma'aikata biyar suna da minti 30 a hannu, amma 20 kaɗai suke aiki. Kashi ɗaya bisa uku na lokacinsu jira ne, kuma ba laifinsu ba ne.

Idan aka rage wa matsayi na 3 da na 5 kaya, aka ƙara wa na 1 da na 2, har kowa ya koma minti 4, sai adadin ya tashi zuwa 105. An samu ƙarin 35 ba tare da ɗaukar ko mutum ɗaya ba.

Ana kuma yin lissafin ta baya. Idan mai saye yana son 140 a rana, dole kwamfuta ta fito kowane minti 3, wato 420 a raba da 140. Aikin minti 20 kuwa zai buƙaci aƙalla matsayi 7.

Abin da ke hana rabon yin daidai

Aiki yana da gaba da baya: ba a rufe kwanso kafin a saka batir. Wani aikin kuma ba ya rabuwa gida biyu, don haka akan zaunar da mutum biyu a matsayi ɗaya, kowa da tasa kwamfutar. Bayan haɗawa akwai ɗora manhaja da gwajin da ake barin kwamfuta a kunne na tsawon awoyi. Idan kantocin gwajin ba su da yawa, maƙurar ta koma can.

Adadin takarda da na zahiri

A ƙasar da ba ta da teku, kayan haɗin suna biyowa ta tashoshin Lome, Tema ko Abijan, kuma rashin ƙaramin abu guda yana tsayar da layi duka. Haka ma ɗaukewar wutar lantarki a lokacin zafi, tsakanin Maris da Mayu: a layin minti 4, awa ɗaya babu wuta asarar kwamfuta 15 ce, sai fa idan akwai janareta ko hasken rana. Ƙurar hunturu kuma tana ƙara yawan waɗanda ake mayarwa gyara, kuma waɗannan ba sa cikin adadin da ya fita.

Saboda haka, ɗan kasuwar da zai ba da kuɗin oda, ko matashin da ke neman aiki a irin wannan masana'anta, yana da tambayoyi uku da suka fi adadin da aka faɗa amfani: awa nawa layin ke aiki a rana, minti nawa matsayi mafi jinkiri ke ci, kuma kwamfuta nawa cikin 100 ke wuce gwaji a karon farko.