Majigi da Tambayar Wa Ya Iya Kallon Hoto

Kafin talabijin ta shiga ƙauyukan lardin Katsina, majigi ne ke tara jama'a. Motar gwamnati kan iso da la'asar, a kafa farin ƙyalle a fili, bayan sallar isha'i mai bayani ya ɗauki lasifika ya riƙa fassara abin da ke gudana: rigakafi, tsaftar rijiya, noman auduga irin na fim ɗin Baban Larai.

Wanda ya assasa wannan aiki shi ne William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Legas, da aka ba shugabancin sashen fina-finan ƙasashen mulkin mallaka na Ingila a 1939. A ganinsa, mutumin karkara bai iya karanta hoto ba. Don haka ya kafa ƙa'ida: kyamara ta tsaya cik, komai ya tafi a hankali, kada a cika allo da tarkace. Masu wannan ra'ayi sun daɗe suna kafa hujja da labarin 'yan kallon da aka nuna wa fim kan tsafta, amma abin da suka riƙe shi ne wata kaza da ta gilma a gefen allo. Ai mai kaji dole ya ga kaza!

Daga nan maganar ta shiga jami'o'i. A 1960 William Hudson ya wallafa gwajinsa na Afirka ta Kudu: zanen maharbi riƙe da mashi, ga barewa, ga 'yar ƙaramar giwa a kan tudu tsakaninsu. Wa yake shirin soka? Leburori da yawa da ba su yi boko ba suka ce giwa, aka yanke cewa ba su gane nisa a cikin hoto. Da Jan Deregowski ya sake gwaji a Zambiya, ya ba mutane sanduna su haɗa siffar da suka gani a takarda, da dama cikin waɗanda suka faɗi gwajin Hudson suka haɗa ta da zurfinta.

Har yau ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam na nazarin wannan zane, galibi a matsayin misalin gwajin da ya auna sabo da zanen Turawa, ba basira ba. A kasuwar Wagini ta ƙaramar hukumar Batsari kuwa, jikokin 'yan kallon majigi na bin fina-finan Kannywood da na Indiya a waya, ba mai yi musu bayani.