Daga Azara zuwa Kwano: Yadda Aikin Kafinta ya Shigo Gidajenmu

 A makon nan shirin namu ya waiwayi mutumin nan da ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da iskar farkon damina ta yaye rufin ɗaki, wato kafinta. Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna, domin wanda bai samu ji ba.

Da farko, ita kanta kalmar kafinta baƙuwa ce, daga Turanci aka aro ta. Kafin zuwanta, mai aikin itace a ƙasar Hausa shi ne masassaƙi, kayan aikinsa gatari da gizago. Shi ke fafe turmi daga kututturen ƙirya, ya sassaƙa taɓarya da akushi da muciya da ƙotar fartanya, ya fitar wa almajiri allo daga itacen aduwa. Fulani ma suna da nasu masassaƙan, Lawɓe, masu yi wa ruga ƙoren tatsar nono da turmi. Shi masassaƙi ba ya haɗa katako da katako. Gungume guda yake ɗauka, ya yi ta ragewa har abin da yake so ya fito.

Rufin gida kuwa ba aikinsa ba ne, na magina ne. Su ke jera azara a kan bango, su shimfiɗa zana ko asabari, su ɗora ƙasa, su bi da makuba. Azara daga gangar giginya ake tsaga ta, kuma ta namijin giginya ta fi ƙarfi, gara ba ta cika samun sa'arta ba. Sai dai tana da iyaka: in faɗin ɗaki ya wuce kamar mita 2, nauyin ƙasa zai lanƙwasa ta. Wannan ne ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, su riƙa goya azara a kan azara cikin laka har ta haɗe a sama. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), shi ne babban misali. Wanda ya taɓa shiga tsofaffin zaurukan unguwar Birni a Damagaram ya ga irin wannan hikimar da idonsa.

To, yaya aka yi zarto ya shigo? Abu biyu ne suka buɗe masa ƙofa. Na farko makaranta. A 1909 Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano, kuma cikin sana'o'in da aka koyar a can har da kafinta. Na biyu jirgin ƙasa, wanda dogonsa ya iso Kano a 1911. Jirgin da ke sauka kudu da gyaɗa da fatu shi ke hawowa da kwanon rufi da ƙusa da katakon kurmi da aka yanka a inji. Daga Kano sai kayan su bi hanyar Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Daura zuwa Matamai da Damagaram. A ɓangaren Faransa ma, ma'aikatar ayyuka ta gwamnati ta horar da masu yi wa ofis da lakwal ƙofa da taga da benci. Da ambaliyar 1945 ta ci tsohon garin Maraɗi aka koma kan tudu, gari guda ne ya tashi yana neman ƙofofi a lokaci ɗaya.

Amma kwano bai kori azara dare ɗaya ba. Shekaru da yawa rufin kwano na kantin Bature ne da gidan babban attajiri. A hankali, kuɗin gyaɗa da na cinikin shanu suka saukar da shi zuwa gidan talaka. Dalilin karɓuwarsa a fili yake: soron ƙasa yana son yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka, in an yi sakaci ya yi yoyo, wani lokaci ma ya rufta da mutane a ciki. Kwano kuwa in an buga shi an huta na shekaru. Ga shi kuma giginya ta yi ƙaranci, don sai ta shekara gommai kafin ta isa sara. Shi ya sa dazuzzukan giginya na Dallol Mawri, wajen Gaya, suka koma ƙarƙashin tsaro, ba a sara sai da izini. Makiyayan da ke ratsa yankin sun san wannan doka sarai.

Daga nan ne mafi yawan aikin kafinta ya zama gyaran tsohon gida. Ga yadda yininsa yake a irin wannan aiki. Da sassafe yake zuwa, tun kwano bai ɗau zafi ba. Zai hau ya ƙwanƙwasa kowane katako da guduma. Wanda ya yi ƙara sosai lafiyarsa lau, wanda ya yi sautin ganga gara ta cinye cikinsa, saura ɓawo. Sai ya auna, ya rubuta wa maigida lissafi: tu-bai-fo kaza, tu-bai-tu kaza, kwano bandir kaza, ƙusa ta inci 3 da ta inci 4, da ƙusar kwano mai hula. Yaransa su cire tsohon rufi, ƙaraminsu ya zauna gefe yana miƙar da tsofaffin ƙusoshi a kan dutse, don a wannan sana'a ba a zubar da ƙusa. A shafe sabon katako da maganin gara ko baƙin mai, a ɗaure shi da bango da langalanga ko waya, sannan a jera kwano daga ƙasa zuwa sama. Bayan azahar, in rana ta hana hawa, sai a koma ƙasa: a rage ƙofar da ta kumbura, a sake fata, a gyara gadon uwargida ko kabad ɗin amarya.

Ku 'yan kasuwa, a nan akwai wurin da ake yawan samun saɓani. Kafintan Najeriya da inci da ƙafa yake awo, gadon Ingila. Na Nijar da Kamaru da Cadi da mita da santimita yake yi, gadon Faransa. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, katako mai ƙafa 12 kuwa bai cika mita 4 ba, mita 3 da santimita 66 ne. Wanda aka rubuta wa lissafi a Ƙwanni ya je saye Illela, ko aka rubuta masa a Gaya ya tsallaka Kamba, in bai tambaya ba sai ya dawo da gajeren katako. Farashi ma bin iyaka yake yi. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, lissafin kowane mai gini ya rikice. Haka da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kayan gini na cikin abubuwan da suka yi wuyar tsallakawa.

Kai kuma ɗan'uwa makiyayi da ka sayar da bijimi don ka rufa wa iyali ɗaki a gari, tarihin nan yana da abin da zai gaya maka. Magina na da sun san ƙarfin rufi yana ga abin da ido ba ya gani, wato azarar da ke cikin laka. Yau ma haka ne. Kwano mai ƙyalli ba ya hana iska aikinta in katakon ɗanye ne, ko ba a ɗaure shi da bango ba. Saboda haka ka je kasuwar 'yan katako tare da kafintan, ka ɗaga katakon ka ji, busasshe ya fi sauƙi a hannu. Ka ƙirga kwano a gabanka, bandir cikakke falle 20 ne. Ku yi jinga a gaban shaidu, a faɗi nawa ne kafin alƙalami, nawa ne sai an gama. Kuma a yi aikin tun da rani, kada a bari sai hadari ya haɗo, lokacin da kowa ke neman kafinta kuɗinsa ya hau.

Shi ma kafintan yana da haƙƙi a kanmu. Mutum ne da ke yini a kan kwano mai zafi, ba abin da ke tsakaninsa da ƙasa sai katako mai faɗin inci 2. In ya gama aiki a biya shi ba tare da jeka-ka-dawo ba. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko tarihin maƙera da masu walda, waɗanda ƙofar ƙarfensu ke neman ƙwace wa kafinta kasuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana rufinmu da dabbobinmu. A huta lafiya.