Lokacin da Zaɓen Sanata Yake da Asabar Tasa

Wani dattijo a cikin birnin Kano, wanda ya fara zaman ejan a rumfar zaɓe tun zamanin PRP, ya ajiye aikin bayan zaɓen 2023. Gwiwa ta ƙi, ido ma ya rage. Da ya so ya yi shiru, sai ɗan ƙaninsa, matashin da ke tallar wani ɗan takara a Facebook, ya tsokano shi da tambaya: Baffa, wai me ya sa kuke ɗaukar ƙuri'ar sanata da zafi, alhali inda mutum ya dangwala wa shugaban ƙasa, nan ita ma za ta bi?

Tambayar ta ɓata masa rai, don shi ya ga lokacin da sanata yake da ranarsa shi kaɗai, kuma da shi ake buɗe fage. Ranar Asabar 7 ga Yuli 1979 hukumar FEDECO ta fara da Majalisar Dattawa. Asabar ta gaba 'yan majalisar wakilai, sai na jihohi, sai gwamnoni, shugaban ƙasa kuma aka bar shi can ƙarshe, 11 ga Agusta. A Jamhuriya ta Farko gwamnatocin yankuna ne ke zaɓo sanatoci, don haka wannan ne karo na farko da talaka ya zaɓi sanata da babban yatsansa. Jihohi 19, kowace kujeru biyar, jimla 95. NPN ta ɗauki 36, UPN 28, NPP 16, GNPP 8, PRP 7. Biyar daga cikin bakwai ɗin nan na Kano ne, Kano ta lokacin da Jigawa ke cikinta. Ko ɗaya NPN mai gida da masara ba ta samu a Kano ba. Har yau idan dattijon ya zo nan, sai ya gyara zama.

Abin da ya fi kewa shi ne daren bayan wannan zaɓe. Maigidansa a siyasa, wani tela tsohon ɗan NEPU da ya sha ɗaurin En'e, yakan tara ejan-ejan na mazaɓa a shagonsa, kowa da littafin da ya rubuta ƙidayar rumfarsa da hannunsa. A baje su ƙarƙashin fitila, a bi akwati-akwati. Wace unguwa ce mabuɗi, alamar PRP, ya yi rauni? Wane lungu ne matan kulle ba su fito ba? A ina aka lalata ƙuri'u don ba a iya dangwale ba? Kwana shida ake da su a gyara kafin Asabar ta zagayo. A tura mata 'yan jam'iyya su shiga gidaje su koyar da dangwale, a je a ba mai unguwar da ya yi fushi haƙuri. Ƙuri'ar sanata ita ce sikelin da kowace jam'iyya ke hawa ta san nauyinta na gaskiya.

Telan nan yana da doka biyu. Ejan ba ya cin abincin ɓangaren hamayya ranar zaɓe, ko da ruwan sha ne. Kuma katin jam'iyya da kuɗinka za ka yanka.

Zancen ƙidaya ne ya ja dattijon zuwa zamanin Babangida, lokacin ƙato bayan ƙato, da SDP mai doki da NRC mai mikiya. A yi layi bayan hoton ɗan takara, a ƙirga kawuna kowa na gani. Ya ce aringizo ya yi wuya, amma ya ga ɗan haya ya tsaya a layin mai gidan da yake haya yana sunkuyar da kai, ya ga mai bin bashi yana zagaya layi yana duban fuskoki. A Yulin 1992 SDP ta rinjayi NRC a Majalisar Dattawa, kowace jiha an rage mata kujeru zuwa uku, Abuja ɗaya. Majalisar ba ta daɗe ba Abacha ya rushe ta a Nuwamban 1993.

Sai ya koma baya. A ganinsa ɓarnar ta fara ne a 1983, da aka juya jadawalin aka sa shugaban ƙasa a gaba, ranar 6 ga Agusta. Shagari na cinyewa, sauran zaɓukan suka bi iska. PRP kuwa ta riga ta dare gida biyu, Taɓo na Malam Aminu Kano da Santsi na su Rimi, kuma Malam ya rasu a Afrilun shekarar. Sabo Bakin Zuwo, sanatan PRP tun 1979, shi ya kayar da Rimi ya zama gwamna. Wato a lokacin daga majalisa ake hawa zuwa gidan gwamnati. Yanzu hanyar ta juya: Kabiru Gaya, Rabi'u Kwankwaso, Ibrahim Shekarau, duk sai da suka yi gwamna kafin su tafi Majalisar Dattawa. Mutumin da ya riƙe jiha, in ji dattijon, ba ya zuwa shagon tela ya zauna a tabarma ana karanta masa ƙidayar akwati.

Tun 2015 kuma rana ɗaya ake miƙa wa mai zaɓe takardu uku, a ce masa ya yi sak. Guguwar Buhari ta kai mutane Abuja waɗanda ko a mazaɓarsu ba a san muryarsu ba. Takarar gaske ta koma zaɓen fitar da gwani, wajen daliget, wani lokaci ma gaban alƙali. A Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a Zamfara don ba a yi sahihin zaɓen fitar da gwani ba, kujerun sanata uku suka faɗa hannun PDP. A 2023 sunan Shekarau aka sanar a Kano ta Tsakiya a ƙarƙashin NNPP, jam'iyyar da ya riga ya bari, sai da shari'a ta tabbatar wa Rufa'i Hanga kujerar. Ga sauya sheƙa: a Yulin 2018 sanatoci fiye da goma suka bar APC rana ɗaya.

Duk da haka bai yarda a raina majalisar a gabansa ba. Yana tuna 16 ga Mayu 2006, ranar da sanatoci ƙarƙashin Ken Nnamani suka binne tazarcen Obasanjo, alhali PDP ɗinsa ce ke da rinjaye. Majalisar ce ke tantance ministoci da manyan alƙalai, kuma Bayelsa mai ƙananan hukumomi 8 da Kano mai 44 kujeru uku-uku suke da su. Wanda ya san haka, in ji shi, ba zai bar ƙuri'ar sanata ta zama rakiya ba.

Kuma yana da shaidar cewa mai zaɓe bai manta ba. A zaɓensa na ƙarshe, Kwankwaso ne ya lashe ƙuri'ar shugaban ƙasa a Kano, NNPP ta ɗauki Kano ta Tsakiya da ta Kudu, amma Kano ta Arewa ta ba Barau Jibrin na APC, wanda bayan 'yan watanni ya zama mataimakin shugaban Majalisar Dattawa.