Rixi Markus, matar da ta tsere wa Hitila da karta a ƙwaƙwalwarta

Zaren yau na wata tsohuwa ne da ta mutu a Landan ran 4 ga Afrilun 1992, tana da shekara 81, amma har gobe 'yan wasan karta a Ingila ba su gama ba da labarinta ba. Sunanta Rixi Markus.

Na san ina cewa karta wasu sun taɓe baki, caca ce ta faɗo musu a rai. Ku ɗan dakata. Wasan da ta shahara a kai shi ne bridge, mu ce birij. Mutum huɗu ne, biyu-biyu, kowa na fuskantar abokinsa. A raba kati 52, kowa ya tashi da 13. A wajen gasa kuwa, rabon da aka buga a teburinku shi za a kai sauran tebura su ma su buga. Ka ga babu zancen "ai sa'a ya yi". Hannu ɗaya aka ba ku, wanda ya fi ka lissafi shi zai fi ka maki.

Sannan kafin a jefa kati ko ɗaya sai an yi ciniki: kowane ɓangare ya faɗi zagaye nawa zai iya ci a cikin 13. Kafin a fara jefa kati, ta wannan cinikin ne kawai aka yarda ka sanar da abokinka abin da ke hannunka. Ba ƙyafta ido, ba taka ƙafa. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

An haife ta a 1910 a wani ƙaramin gari da yanzu yake cikin Romaniya. Bayahudiya ce. Yaƙin duniya na farko ya kora iyayenta zuwa Biyana, babban birnin Ostiriya, can ta girma. A 1935 da 1936 tana cikin matan Ostiriya da suka cinye gasar Turai, a 1937 kuma suka ɗauki kofin duniya a Budafes. Lokacin ko talatin ba ta kai ba.

Watan Maris na 1938 sojojin Hitila suka shiga Ostiriya. Ƙasar da ta ɗauko wa kofi bara, bana ba ta da wurin zama a cikinta. Ta ɗauki 'yarta ta gudu Landan. Shi ma mai horar da su, Paul Stern, can ya ƙare.

Nan ne wurin da ya fi tsaya min a rai. Ɗan gudun hijira yana barin gida, da dangi, da harshe. Sana'o'i da yawa ba sa tsallake iyaka, lauya ma sai ya koma makaranta. Ita kuwa abin da ta iya babu jami'in da zai ƙwace a bakin iyaka, kuma kati 52 na Biyana su ne dai na Landan. Ta zauna a tebur, baƙuwa, aka ga hannunta, aka matsa mata kujera.

A Landan ta haɗu da Fritzi Gordon, ita ma 'yar Biyana da ta gudo. To fa! Su biyun nan sun addabi duniya. A 1962 a Faransa suka cinye gasar duniya ta mata 'yan biyu-biyu, a 1964 a Amurka suna cikin matan Birtaniya da suka zo na ɗaya, a 1974 a Sifaniya suka sake maimaita na 1962. Rixi ce mace ta farko da ta kai matsayi mafi girma na hukumar birij ta duniya, Fritzi ta biyo bayanta.

Abin dariyar, ba wai shiri suke yi can-can ba. Rixi wuta ce. In ka yi kuskure a gabanta za ka sha faɗa, kuma tana ciniki na kasada wanda littafi bai koyar ba, har aka laƙaba wa irin wannan cinikin sunanta. Fritzi kuwa sanyi, ba ta cika magana ba. Amma kun tuna dokar ciniki? Dole ka karanci zuciyar abokinka daga kalma ɗaya ko biyu. Su suna iya yin faɗa a tashi, a dawo tebur kowace ta san nufin 'yar'uwarta. Ni a ganina wannan ya fi kofunan ban mamaki.

Me ya sa ake ƙaunarta duk da zafin? Domin ba ta ci ita kaɗai ba. Shekara 37 tana rubuta shafin birij a jaridar Guardian, daga 1955 har mutuwarta, mutane da yawa a nan suka koyi wasan. A 1975 Sarauniya ta ba ta lambar MBE. Ita ce kuma ta ƙirƙiro karawar shekara-shekara tsakanin majalisun Birtaniya biyu, ta dattawa da ta wakilai. Ku duba fa, matar da ta shigo ƙasar a matsayin 'yar gudun hijira ce take zaunar da masu yi mata doka a tebur tana duba hannunsu. Bayan mutuwarta ma ba a daina karawar ba.

Fritzi ta mutu ran 9 ga Fabrairun 1992. Ba a cika wata biyu ba Rixi ta bi ta.