Bayan Shekara Hamsin Aka Ce Su Kawo Shaida: Tarihin Badaƙalar Windrush

A ce yau hukuma ta buƙaci ka tabbatar mata cewa kana zaune a garinku a shekarar 2003, kuma ta ce ba ta son rantsuwa ko shaidar maƙwabci, takarda kawai take so. Me za ka ɗauko? To a ce ka lalubo wani tsohon katin asibiti, sai aka ce saura na 2004, da na 2005, haka har zuwa bana. Yawancinmu tun a shekara ta biyu za mu tsaya.

Irin wannan jarrabawar aka ɗora wa wasu dattawa a Birtaniya daga wajajen 2012 zuwa 2018, kuma su nasu lissafin daga 1973 ya fara. Mutane ne da doka ta ba su cikakken ikon zama a ƙasar, amma babu takardar da ke nuna hakan a hannunsu. Wasu sun rasa aiki, wasu muhalli, wasu an tsare su, wasu an kore su daga ƙasar. Ga yadda abin ya faro.

Lokacin da ba a tambayar kowa takarda

Ranar 22 ga Yuni 1948 fasinjoji suka sauka daga wani jirgin ruwa mai suna Empire Windrush a tashar Tilbury, kusa da Landan. Sama da 800 daga cikinsu sun fito ne daga yankin Karebiyan. Sunan jirgin nan ne ya bi duk mutanen da suka zo daga yankin har zuwa farkon shekarun 1970.

A wannan shekarar Birtaniya ta yi dokar zama ɗan ƙasa wadda ta ba mutumin da aka haifa a Landan da wanda aka haifa a Kingston ta Jamaika matsayi iri ɗaya: ɗan ƙasar Birtaniya da yankunan mulkin mallakarta. Ƙasar ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu tana neman ma'aikata a asibitoci, da jiragen ƙasa, da motocin bas, da masana'antu. Mutane suka yi ta zuwa daga Karebiyan, da Indiya, da Pakistan, da Afirka ta Yamma.

Ka riƙe abubuwa biyu a nan. Na farko, yara da yawa sun shigo ne a kan fasfon iyayensu, wato babu wata takarda mai sunan yaron shi kaɗai. Na biyu, Birtaniya ta soke katin shaidar ɗan ƙasa na lokacin yaƙi tun 1952. Mutum zai yi makaranta, ya kama aiki, ya biya haraji, ya yi aure, babu wanda ya ce masa ina takardarka.

Doka ta yi ta sauyawa, mutane suna zaune

Gana ta samu 'yancin kai a 1957, Najeriya a 1960, Jamaika a 1962, Barbados a 1966. Duk ƙasar da ta samu 'yanci, yawancin mutanen da asalinsu can ne sukan koma 'yan sabuwar ƙasar a idon doka, ko da kuwa a Ingila suke zaune. Da yawa ba su ma san an yi ba. Tsohon fasfon da ke cikin akwati yana nan da tambarin Birtaniya, amma matsayin da yake nunawa ya riga ya sauya.

Daga 1962 aka fara taƙaita shigowa. Sai dokar shige da fice ta 1971, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1973. Ita ce ta ce duk wanda ya riga ya zauna a ƙasar kafin wannan ranar yana da izinin zama na dindindin. Ba sai ya cika fom ba, ba sai ya biya komai ba. A ido abin kamar sauƙi ne aka yi musu. To amma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ba ta rubuta sunayen waɗanda dokar ta shafa ba, ba ta kuma raba musu takarda ba. Haƙƙi yana nan a littafin doka, shaida babu. Kuma dokar ta ɗora nauyin kawo hujja a kan mutumin da ke da'awar, ba a kan hukuma ba.

An sake wata dokar a 1981, aka ba irin waɗannan mutanen dama su yi rajistar zama cikakkun 'yan Birtaniya kafin ƙarshen 1987. Wasu sun yi, da yawa ba su yi ba. Ai wanda ya tashi tun yana ɗan shekara takwas yana ganin kansa ɗan ƙasa ba zai ga dalilin neman abin da yake ganin nasa ne ba.

Ranar da takarda ta zama mabuɗin komai

A 2012 ministar harkokin cikin gida ta lokacin, Theresa May, ta bayyana cewa manufarta ita ce a ƙuntata wa baƙin haure zama har su gaji su tafi. Dokokin 2014 da 2016 suka mayar da mutanen gari tamkar jami'an shige da fice. Mai gidan haya sai ya duba takardun ɗan haya. Banki sai ya duba kafin ya buɗe asusu. Haka asibiti, haka masu ba da lasin tuƙi. Tarar ɗaukar ma'aikaci marar izini a lokacin ta kai fam 20,000 a kan mutum ɗaya, mai gidan haya kuma zai iya shan ɗaurin shekara biyar.

Ka sa kanka a matsayin mai ɗaukar aiki. Ga dattijo ya shekara ashirin yana maka aiki, ba shi da fasfo, ga tara tana jiran ka. Yawanci sallama ce ta biyo baya.

Wanda ya je neman sabuwar takardar zama sai ya biya sama da fam 200, sannan ya nuna cewa yana ƙasar tun kafin 1973 bai yanke ba. A wasu lokutan jami'ai sukan nemi har takardu huɗu na kowace shekara. Yi lissafi: shekara 45 sau huɗu, takardu 180 kenan. Makarantar firamaren da mutum ya yi an rufe ta, masana'antar da ya fara aiki ta rushe, iyayen da ke riƙe da tsohon fasfon sun rasu.

Labarin Paulette Wilson shi ne ya fi fitowa fili. Ta zo daga Jamaika a 1968 tana yarinya. Ta yi aikin girki, har a ɗakin cin abinci na majalisar dokokin ƙasar, kuma ta shekara 34 ana cire mata kuɗin inshorar ma'aikata. A 2015 aka aiko mata wasiƙa cewa ba ta da izinin zama, aka yanke mata tallafi. A Oktoban 2017 aka tsare ta mako guda a cibiyar Yarl's Wood, aka kai ta kusa da filin jirgin Heathrow. Sai da 'yar majalisar mazaɓarta da wata ƙungiyar agaji suka sa baki aka sake ta. 'Yar jarida Amelia Gentleman ta Guardian ta buga labarinta a ƙarshen 2017, daga nan wasu suka yi ta fitowa da nasu.

Katunan da aka lalata

A ginin ma'aikatar da ke Croydon akwai dubban katunan sauka da aka cika wa mutane ranar da suka shigo ƙasar a shekarun 1950 da 1960. Ma'aikata kan duba su idan wani ya rasa hujjar ranar zuwansa. An yanke shawarar lalata su a 2009, aka aiwatar a Oktoban 2010. Ma'aikatar ta ce dokar kare bayanan mutane ta bi, kuma katin ba ya nuna cewa mutum ya ci gaba da zama. Wannan gaskiya ne, amma katin yana amsa tambaya mafi wuya a cikin tambayoyin: yaushe ka zo? Wanda ya shigo a kan fasfon mahaifiyarsa ƙila wannan ce kaɗai takardar hukuma mai ɗauke da ranar.

Abin takaicin shi ne gwamnati tana da wasu bayanan. Hukumar haraji da ta fansho suna da tarihin aikin waɗannan mutane na shekaru. Ba a saba tambayar su ba sai bayan da abin ya fashe.

Inda kimiyyar lissafi ta shigo

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin gwaji ya san cewa rashin ganin abu a gwaji ba ya nufin babu shi. Ƙila na'urar ce ba ta iya hango shi. Rumbun bayanan ma'aikatar bai taɓa ɗaukar sunayen mutanen 1973 ba, don haka duk lokacin da aka neme su a ciki amsa ɗaya za ta fito: babu. Sai aka karanta "babu shi a kwamfuta" a matsayin "ba shi da izini".

Sannan kowane gwaji yana da kuskurensa. A 2016 babban sufeton da ke sa ido kan harkar shige da fice ya ɗauki samfurin mutum 169 da aka sa a jerin waɗanda ba za a buɗe wa asusun banki ba. Ya gano 17 ba su cancanci shiga jerin ba, wato kusan ɗaya cikin goma. Idan irin wannan ma'aunin aka gwada dubban mutane da shi, ɗaruruwa za su faɗa ciki ba da laifinsu ba. Masu bincike na Jami'ar Oxford sun ƙiyasta cewa mutanen da suka zo daga ƙasashe renon Ingila kafin 1971 kuma ba su karɓi takardar zama 'yan Birtaniya ba za su kai 57,000. Ba duka ne suka shiga matsala ba, amma adadin ya nuna girman taron da ke bakin rami.

An kuma yi gargaɗi. Tun 2014 ƙungiyar Legal Action Group ta fitar da rahoto a kan dattawan da suka daɗe a ƙasar ba su da takarda. Ba a ɗauki mataki ba.

Yadda aka sake ba su takardu

A Afrilun 2018, lokacin da shugabannin ƙasashe renon Ingila ke taro a Landan, maganar ta fi ƙarfin ɓoyo. Theresa May, wadda ta zama firaminista a lokacin, ta nemi gafarar shugabannin Karebiyan. Ranar 29 ga watan ministar cikin gida Amber Rudd ta sauka daga muƙaminta.

Aka kafa kwamitin aiki na musamman, aka soke kuɗin neman takarda, aka koma jami'i ne zai tuntuɓi hukumar haraji da ta fansho ya haɗa tarihin mutum. Ka ga, mutumin bai sauya ba, dokar 1971 ma ba ta sauya ba. Wanda ke ɗauke da nauyin neman hujja aka sauya, sai ga dubban mutane sun samu takardunsu. Ba 'yan Karebiyan kaɗai ba ne, akwai 'yan asalin Indiya, da Gana, da Najeriya a cikinsu.

Da ma'aikatar ta sake duba fayil 11,800 na 'yan Karebiyan, ta samu mutum 164 da aka tsare ko aka fitar daga ƙasar duk da alamun sun zo kafin 1973. Rahoton Wendy Williams na Maris 2020 ya ce abin da ya faru ana iya hango shi kuma ana iya kauce masa, ya ba da shawarwari 30. An buɗe shirin biyan diyya a Afrilun 2019, sai dai ya yi tafiyar hawainiya. A Nuwamban 2021 wani kwamitin majalisa ya ce mutum 23 sun rasu ba su karɓi ko sisi ba. Ita ma Paulette Wilson ta rasu a Yulin 2020 tana da shekara 64.

To kai fa?

Tsufan takarda bai ƙare ba. Katunan zama masu ɗauke da hoton yatsa da Birtaniya ta riƙa bayarwa sun daina aiki a ƙarshen 2024, an koma shaidar da ke intanet. Idan kana da dattijo a can wanda hujjarsa tsohon hatimi ne a cikin fasfon da ya mutu, ka tuna masa ya nemi a sabunta masa, kuma kada ya yar da tsohon fasfon.

A gida ma mun ɗanɗana yadda takarda ke zama dole dare ɗaya, lokacin da aka ce a haɗa layin waya da lambar NIN a Disamban 2020. Sai dai ka sani, NIN shaidar ko kai wane ne ce, har baƙon da ke zaune bisa doka ana yi masa. Zama ɗan Najeriya ta haihuwa, a sashe na 25 na tsarin mulkin 1999, yana bin iyaye ne da kakanni. Don haka takardun mahaifinka da na mahaifiyarka wani ɓangare ne na hujjarka da ta 'ya'yanka.

Ka yi wa kowane yaro takardar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da sunansa. Ka tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a duk takardu. Ka ɗauki hotonsu ka adana a wuri fiye da ɗaya, domin ambaliya da gobara da gara ba sa sallama. In wata ta ɓace ko an sace, ka kai rahoto ga 'yan sanda, ka yi takardar rantsuwa a kotu, ka nemi sabuwa tun waɗanda za su shaide ka suna raye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Mutanen Windrush ba sakaci suka yi ba, ba a taɓa ba su takardar ba ne. Duk lokacin da ka ji hukuma na shirin share tsofaffin fayil, ko komawa sabon tsarin kwamfuta, ko hana wani haƙƙi ga marar takarda, tambayar da ya kamata a yi mata ita ce: su wane ne ba su cikin rumbun, kuma wa zai nemo musu hujja?